Yadda ake kafa sabar SFTP guda biyu don kada musayar fayilolin kamfani ta tsaya

Yawancin aikin sabar musayar fayiloli cikin dare ake yinsa. Fayil ɗin albashi ya tafi banki, banki ya turo bayanan cinikin jiya, reshen kamfani ya aiko da lissafin kayan da suka rage a sito. Duk wannan manhaja ce ke magana da manhaja, ba mutum a zaune. Idan sabar ta mutu da ƙarfe 2 na dare, sai gari ya waye ake sani, lokacin da ma'aikata suka fara tambayar me ya hana alat shigowa.

Wannan jagorar ta ɗauki tsari ɗaya ne takamaimai: kwamfutoci biyu masu Linux, manhajar OpenSSH na karɓar SFTP (hanyar tura fayiloli cikin tsaro ta SSH) a ƙofa ta 22, manhajar Keepalived kuma na riƙe da adireshin da abokan hulɗa suka sani. Wanda ke amfani da manhajar da ake saye da kuɗi irin GoAnywhere ko MOVEit ko Axway zai tarar da matsalolin iri ɗaya ne, sunayen maɓallan ne kawai suka bambanta. A misalinmu sabar A na kan 10.10.0.11, sabar B na kan 10.10.0.12, adireshi mai yawo kuma, wato wanda ke komawa kan duk sabar da ke aiki, 10.10.0.10.

Mataki na 1: Ku yi yarjejeniya kan tsawon tsayawar da za a iya jurewa

Shekara awa 8,760 ce. Alƙawarin kashi 99.9 cikin ɗari na nufin an yarda sabar ta tsaya kusan awa 8 da minti 46 a shekara. Kashi 99.99 kuma kusan minti 53. Amma a harkar fayiloli adadin bai kai lokacin muhimmanci ba. Tsayawar awa 3 ranar Lahadi da rana ba wanda zai lura, minti 20 daf da rufe karɓar fayil a banki kuwa na iya jawo albashi ya kwana. Ka zauna da mutanen sashen kuɗi su faɗa maka sa'o'in da ba a wasa da su, sannan ka yi musu tambaya ta biyu: idan fayil ya riga ya shigo, mun ce wa mai turowa mun karɓa, za a iya jure ɓacewarsa? Kusan kullum amsar a'a ce, kuma ita ce za ta yanke irin ma'ajiyar da za ka zaɓa a mataki na 5.

Shawarata ka fara da tsarin da sabar ɗaya ke aiki, ɗayar na jira. Raba aiki tsakanin biyun lokaci guda yana da daɗin faɗa, sai dai wahalarsa ta ninka, kuma kamfanoni kaɗan ne nauyinsu ya fi ƙarfin sabar ɗaya.

Mataki na 2: Raba su da gaske

Sabar biyu a cikin injin VMware ɗaya sabar ɗaya ce. Haka idan suna shan wuta daga UPS ɗaya ko suna haɗe da suwic ɗaya. A wajenmu da ɗauke wuta ya zama ruwan dare, a bi layin wutar tun daga janareta har soket, a ga inda layukan biyu suka haɗe. Ka saka chrony a kan duka biyun domin agogonsu ya daidaita. In ba haka ba, ranar da za ka binciki wane fayil ya riga wane, rajistar aikin ba za ta gaya maka gaskiya ba.

Mataki na 3: Mabuɗin shaidar sabar ya zama ɗaya

Nan ne aka fi faɗuwa, kuma gyaransa bai wuce minti 5 ba. Kowace sabar SSH tana da mabuɗan shaidarta a cikin /etc/ssh, irin su ssh_host_ed25519_key da ssh_host_rsa_key. Ranar da abokin hulɗa ya fara haɗuwa da kai, manhajarsa ta adana zanen wannan mabuɗin, a OpenSSH cikin fayil ɗin known_hosts. Daga nan duk lokacin da ya dawo sai ta gwada. Idan sabar B ta karɓi adireshi da nata mabuɗin daban, manhajar abokin hulɗa za ta ɗauka wani ne ya shiga tsakani yana kwaikwayon ka, ta ƙi haɗuwa. Mutum zai ga gargaɗi ya kira ka a waya. Aikin da ke tashi da kansa cikin dare zai mutu ne shiru.

Abin da ya sa wannan ke da ciwo shi ne, daga ɓangarenka komai zai nuna lafiya. Adireshi ya koma B, ƙofa ta 22 a buɗe, allon sa ido kore shar, amma ba fayil ko ɗaya da ke shigowa. Na taɓa kwana kan irin wannan a wani kamfani, muna ta duba hanyar sadarwa, ashe manhajar abokan hulɗar ce ke juya mana baya.

Kwafi dukkan fayilolin ssh_host_ daga A zuwa B ta hanya mai tsaro, masu sirri su kasance mallakin root da izinin 600. Sake tayar da sshd, sannan ka gudanar da ssh-keyscan a kan adireshin kowacce ka tabbatar abin da suka dawo da shi daidai yake. Idan akwai FTPS ko AS2, takardar shaidar TLS da mabuɗinta su ma su zama iri ɗaya. Kada a manta da mabuɗan PGP na buɗe fayilolin da aka kulle, da mabuɗan da sabarka ke shiga sabar wasu da su.

Mataki na 4: Asusu

Linux da lamba take gane mai fayil, sunan ado ne kawai. Idan lambar asusun banki, wato UID, 1005 ce a A amma 1007 a B, bayan sauyi bankin ba zai iya rubutu a jakarsa ba, ko ma wani abokin hulɗa ya ga abin da ba nasa ba. Ko dai asusu su fito daga waje ɗaya, wato LDAP ko Active Directory ta hanyar SSSD, ko kuma a riƙa ƙirƙirar su da Ansible da lamba tsayayya a kan sabar biyun tare. Kada a sake ƙirƙirar asusu da hannu a kan sabar ɗaya. Mabuɗan abokan hulɗa a tara su a waje guda da AuthorizedKeysFile, sshd_config kuma ya zama kwafi ɗaya. A tuna OpenSSH na buƙatar jakar ChrootDirectory da duk jakunkunan da ke samanta su zama na root, ba wanda ke iya rubutu a ciki sai shi. A kan ma'ajiyar NFS, wadda ake hawa ta hanyar sadarwa, wannan sharaɗin kan ci karo da root_squash, zaɓin da ke rage wa root iko, sai a gwada tun wuri.

Manhajojin da ake saye da kuɗi a rumbun bayanai suke ajiye asusu da jadawalin ayyuka. Rumbun da suke zuwa da shi a ciki ba ya rabuwa tsakanin sabar biyu, dole a fitar da shi waje, shi ma a yi masa madadi. Ga PostgreSQL, Patroni tare da etcd mai mambobi 3 hanya ce da aka daɗe ana bi. Ka duba lasisinka kafin ka sayi inji, domin a wasu manhajojin haɗa sabar biyu kuɗinsa daban.

Mataki na 5: Inda fayilolin za su zauna

Dabarar da ta fi zuwa wa mutane ita ce kwafin fayiloli da rsync daga A zuwa B duk bayan minti 5. Ina roƙon ka bar ta. Fayil ɗin da ya shigo minti 2 kafin A ta mutu bai kai B ba, alhali mai turowa ya ga an karɓa, ba zai sake turowa ba. Ta ɗaya gefen kuma, fayil ɗin da A ta riga ta sarrafa ta goge yana nan a B, da B ta tashi sai ta sake sarrafa shi. In fayil ɗin biyan kuɗi ne, an biya sau biyu ke nan.

Hanyoyi biyu ne masu kyau. Ta farko, ma'ajiya ta waje da sabar biyun ke hawa ta NFS. Ita ce mafi sauƙi, da sharaɗin na'urar ma'ajiyar ita ma tana da kawuna biyu, wato masu sarrafa ta biyu. Idan tsohuwar kwamfuta ɗaya ce a kusurwa ke ba da NFS, ka matsar da matsalar ne daga ɗaki zuwa zaure. A hau ta da zaɓin hard, domin soft na iya yanke rubutu a tsakiya ya bar fayil gurgu. Ka kuma sani idan sabar NFSv4 ta Linux ta sake tashi, akwai lokacin jira, daƙiƙa 90 a tsarinta na asali, wanda ba ta karɓar sabon buɗe fayil. Ka lissafa wannan cikin tsawon tsayawarka.

Ta biyu ita ce DRBD, wadda ke cikin kanel ɗin Linux tun sigar 2.6.33 ta 2010. Tana kwafin faifai zuwa faifai ta waya. Da tsarinta na C, ba a cewa rubutu ya kammala sai ya sauka a faifan sabar biyun, don haka abin da aka ce an karɓa, an karɓa. Farashin shi ne kowane rubutu na jiran ɗaya ɓangaren, saboda haka ana son waya ta musamman mai sauri tsakaninsu. Kuma ext4 ko XFS ba a hawansu a kan sabar biyu lokaci guda, yin haka lalata faifan ne kai tsaye. Wanda ya zaɓi DRBD ya bar Keepalived ya koma Pacemaker da Corosync, domin akwai jerin da dole a bi: a ɗaga DRBD ta zama jagora, a hau faifai, a tayar da sabis, sannan a ɗauki adireshi. Pacemaker an gina ta ne don irin wannan jerin.

Mataki na 6: Adireshi mai yawo

Keepalived na aiki da ƙa'idar VRRP. Mai riƙe da adireshi na aika sanarwa duk daƙiƙa 1. Idan mai jira ta daina ji na daƙiƙa 3 da ɗoriya, sai ta ɗauki adireshin ta shelanta wa suwic ta ARP cewa yanzu yana wajenta. Ga tsarin A:

```
vrrp_script duba_sftp {
    script "/usr/local/bin/duba_sftp.sh"
    interval 5
    timeout 4
    fall 3
    rise 2
}
vrrp_instance SFTP {
    state BACKUP
    nopreempt
    interface eth0
    virtual_router_id 51
    priority 150
    advert_int 1
    unicast_src_ip 10.10.0.11
    unicast_peer {
        10.10.0.12
    }
    virtual_ipaddress {
        10.10.0.10/24
    }
    track_script {
        duba_sftp
    }
}
```

A B sai a juya adiresoshin biyu, priority ta zama 100. Na sa duka biyun BACKUP da nopreempt da gangan. Ba na son A ta farfaɗo da tsakar dare ta ƙwace adireshi, ta yanke duk fayil ɗin da ke kan hanya a karo na biyu. In ta dawo ta zauna ta jira, mu mayar da aiki da rana idan mun ga dama. A buɗe wa VRRP hanya a katangar tsaro, lambarta a tsarin IP 112 ce, ba TCP ba ce ba kuma UDP ba.

Ƙaramin shirin duba_sftp.sh shi ne zuciyar abin. Kada ya tsaya kan tambayar ko sshd na raye. Ya shiga ta SFTP da asusun gwaji, ya rubuta ƙaramin fayil a ma'ajiyar, ya karanta, ya goge. Sabar da sshd ɗinta ke numfashi amma ma'ajiyarta ta maƙale, ko faifanta ya cika, matacciya ce a wajen abokin hulɗa. Da tsarin sama, faɗuwa 3 a jere, wato kusan daƙiƙa 15, za ta sa ta saki adireshi.

A gajimare irin AWS shelar ARP ba ta motsa adireshi. Can ana sa mai raba nauyi na kamfanin a gaba, ko a rubuta shirin da zai matsar da adireshin ta API.

Akwai kuma hanyar fita. Bankuna da manyan abokan hulɗa kan buɗe ƙofarsu ga adireshin da ka ba su kaɗai. Idan B ce ke turawa kuma tana fita intanet da wani adireshi daban, za a tare ta a bakin ƙofa. Ka sa katangar tsaronka ta fitar da sabar biyun da adireshin waje guda.

Mataki na 7: Ba a sarki biyu a gari ɗaya

Ka ɗauka wayar da ke tsakanin A da B ce ta yanke, su biyun kuma lafiyarsu ƙalau. B ta daina jin A, ta ɗauka ta mutu, ta ɗauki adireshi. A kuwa ba ta saki ba. Yanzu kowacce na karɓar fayil, kowacce na gudanar da jadawali. Wannan ya fi mutuwar sabar muni nesa ba kusa ba, domin mutuwa tsayawa ce kawai, wannan kuwa ɓarna ce da za a yi kwanaki ana warwarewa: wane fayil ya sauka ina, wanne aka tura sau biyu. Da DRBD, faifan biyu za su rabu, a ƙarshe sai ka zaɓi wanda za a zubar da rubutunsa.

Sabar biyu su kaɗai ba za su iya bambance mutuwar 'yar'uwa da yankewar waya ba. Ana buƙatar shaida ta uku. A Corosync ita ce qdevice, ƙaramar kwamfuta a wani wajen da ke ba da ƙuri'a ɗaya, wadda ta samu 2 cikin 3 ita ke da iko. Sai kuma abin da ake kira STONITH: kafin mai jira ta ɗauki aiki, ta kashe wutar ɗayar ta katin kula da inji, iDRAC a Dell ko iLO a HPE. Mutane kan kashe STONITH lokacin gwaji saboda yana da fitina, sannan su manta su kunna. Idan da DRBD kake aiki, kada ka shiga aiki na gaske ba tare da shi ba. Keepalived ba ta da ƙuri'a. Abin da za ka iya shi ne ka ƙara wa shirin dubawa gwajin isa ga gateway, wato na'urar da ake bi a fita waje, domin sabar da ta keɓe ta sauke kanta.

Mataki na 8: Aiki sau ɗaya, fayil cikakke

Ayyukan jadawali, masu ɗauko fayil daga banki ko tura shi, a kan sabar ɗaya kawai za su gudana. Ka yi amfani da notify_master na Keepalived wajen kunna su, notify_backup da notify_fault wajen kashe su. Duk da haka kowane aiki ya fara da duba ko adireshi mai yawo na kan sabar da yake, in babu ya fita. A ajiye tarihin fayilolin da aka riga aka sarrafa, da sunansu da lambar SHA-256 ɗinsu, a ma'ajiyar haɗaka, domin sabar da ta karɓi aiki ta san inda aka tsaya.

Gaskiyar da ya kamata a gaya wa manya tun farko ita ce, fayil ɗin da ke kan hanya lokacin sauyi zai yanke. Zaman SSH ba ya ƙaura daga sabar zuwa sabar. Abin da ka samar shi ne sake gwadawa bayan 'yan daƙiƙu ya yi nasara. Don haka a rubuta wa abokan hulɗa su sa manhajarsu ta riƙa sake gwadawa da kanta. Ga manyan fayiloli, umarnin reput da reget na sftp na ci gaba daga inda aka tsaya.

Ragowar fayil ɗin da ya yanke fa? Yana nan a jaka da sunansa, kamar cikakke. A yi ƙa'ida: a turo da sunan wucin gadi, sai an gama a canza suna. WinSCP na yin haka da kanta da ƙarin .filepart ga fayilolin da suka wuce 100 KB. Naka shirin kuma kada ya taɓa fayil mai irin wannan ƙarin. Inda abokin hulɗa ba zai iya ba, ya biyo da ƙaramin fayil na alamar kammalawa, ko a duba layin ƙarshe mai jimillar kuɗi da adadin layuka kafin a sarrafa.

In dole sai biyun sun yi aiki tare

HAProxy, manhajar raba nauyi, a yanayin tcp za ta raba haɗin ƙofa ta 22, ita ma a yi mata biyu. Sai dai sabar za ta riƙa ganin adireshin HAProxy a madadin na mai haɗuwa, OpenSSH kuma ba ta fahimtar ƙa'idar PROXY da ke isar da adireshin asali. Rajista ta rasa amfani, fail2ban, mai toshe adireshin da ya yawaita kuskuren shiga, na iya toshe mai raba nauyin kansa ya rufe kowa. SFTPGo, wata manhajar sabar SFTP, na fahimtar ƙa'idar, in wannan ya dame ka. Tsohuwar FTP ta fi wuya, domin bayanai na bi ta wata ƙofa daban da ta 21: kowace sabar a ba ta nata zangon ƙofofin, a sa pasv_address na vsftpd ya nuna adireshin waje.

Mataki na 9: Gwaji, da abin da wannan tsarin ba ya karewa

Ka fara turo fayil na gigabait 2 daga waje, yana tsakiya ka zare wayar wutar A. Auna daƙiƙun da suka wuce kafin sabon haɗi ya shiga, ka duba ko an yi ƙorafin mabuɗi, ka duba ko wani shiri ya taɓa guntun. Maimaita da kashe sshd kaɗai, da cika faifai, da yanke hanyar ma'ajiya, da yanke wayar da ke tsakanin sabar biyun. Ka nemi abokin hulɗa ɗaya na gaske ya turo lokacin da B ke riƙe da aiki. Sannan a sa ƙararrawa kan lafiyar mai jira, domin sabar da ta mutu wata 3 da suka wuce ba wanda ya sani ba za ta karɓi komai ba.

Ribar da ba a cika faɗa ba ita ce sabunta manhaja. A 2023 gungun masu kutse na Cl0p sun shiga ta wata kafa a GoAnywhere, sannan a ƙarshen watan Mayu suka shiga ta MOVEit Transfer suka kwashe bayanan ƙungiyoyi masu ɗimbin yawa. Sabar musayar fayiloli na fuskantar intanet kuma cike take da bayanan sirri, ba a jinkirta mata gyara. Da sabar biyu sai ka sabunta mai jira, ka mayar da aiki kanta, ka sabunta ɗayar, ba sai an jira ƙarshen mako ba. Yin haka duk wata shi ma gwajin sauyi ne.

Tsarin nan ba ya maye gurbin ajiyar kwafi. Abin da aka goge ko aka kulle da manhajar neman fansa, DRBD za ta kwafa shi zuwa ɗaya faifan nan take. Ba ya kuma kare ka daga abin da ya shafi ginin gaba ɗaya ko layin intanet. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, ayyukan bankuna da dama a Najeriya suka tsaya cak. Maganin irin wannan shi ne layi na biyu daga kamfanin da ke bin wata hanyar daban, da cibiya ta biyu a wani gari. Adireshin waccan cibiyar kuma a ba abokan hulɗa tun yanzu su shigar da shi cikin waɗanda suka amince da su, domin a manyan bankuna neman buɗe ƙofa ga sabon adireshi takarda ce da ke bin ofis-ofis, ba a gama ta a dare ɗaya.